Sarkin Da Ya Aika Wa Kuturu Zobe

An ce a wani zamani da bai yi nisa ba, a gindin wasu duwatsu, akwai wani gari na Maguzawa da ake kira Tudun Gamji. Mutanen garin sun karɓi bishara, suka fasa tukwanen tsafinsu, suka gina majami'a ta jar ƙasa kusa da gamjin da ya ba garin suna. Dagacinsu wani dattijo ne mai suna Barau, amma kowa Sarki yake ce masa. Ba ya cin na kowa, ba ya bari a ci na wani. Aibinsa guda ne, ya ɗauki girma ya ɗora a ka, har sunkuyawa ta gagare shi.

Sarki Barau yana da ɗan fari, Dogara. A al'adar da suka gada, uba yana jin kunyar ɗan farinsa, ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa, ba ya hira da shi. Wasu iyayen sama-sama suke yin wannan kunya, in sun faki ido su shafa kan yaro su wuce. Barau kuwa da hannu biyu ya riƙe ta. In zai yi wa yaron magana sai ya dubi bango ya ce, "A gaya wa wancan ya kai awaki kiwo." Har Dogara ya yi gemu bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba. Ba kuwa don babu so ba ne. In yaron yana huɗa a gonar bayan gida, Sarki yakan laɓe a jikin rumbu yana kallonsa, in an waiwayo ya yi kamar gara yake dubawa.

Ana nan sai kuturta ta kama Dogara. Aka kai shi asibitin kutare na mishan da ke hayin kogi, tafiyar da ba ta cin wuni. Shekaru suka yi ta wucewa, Sarki bai taɓa haye kogin nan ba. Aike dai ba ya yankewa, yau dawa, gobe riga, jibi zuma. Bara ma ya cire zoben azurfar da ya gada a wurin ubansa, ya haɗa da takalma sababbi ya aika. Wakilinsa Cindo ne mai kaiwa, shi kuwa Cindo mutum ne da ba ya son ya ga fuskar Sarki ta ɓaci, saboda haka kullum amsarsa ɗaya ce: "Yana godiya, ranka ya daɗe, jiki kuma da sauƙi."

Ana sauran 'yan kwanaki Kirsimeti, aka aiko daga asibitin cewa ciwon ƙirji ya kama Dogara, ya kwantar da shi, ya kuma ce ba ya son komai sai ya ga babansa. Sarki ya ji, ya ce, "To." Ranar Lahadi ya tafi sujada. Malam Filibus mai bishara ya miƙe yana wa'azin yadda Allah ya zama mutum. Shekara da shekaru Sarki yana jin wannan wa'azi yana bi ta bayan kunnensa, amma a ranar sai ya tsaya masa a maƙogwaro. Ana tsakiyar magana ya tattara babbar rigarsa ya fice.

Kashegari da hantsi yana zaune a zaure, Cindo na ɗaure wa wani farin rago igiya, sai ga Tabawa ta shigo da ƙwaryar daddawa a kanta. Tabawa 'yar kawun Sarki ce, taubashiyarsa, saboda haka ita kaɗai ce a garin take da ikon tsokanarsa ta kwana lafiya. Ta tsufa, amma bakinta bai tsufa ba, kuma babu muryar da ba ta iya ɗauka.

Ta sauke ƙwarya ta ce, "Salama, bawana. An tashi lafiya?"

Sarki ya ce, "Ke dai har ki mutu ba za ki iya gaisuwa ba. Warin daddawarki ya riga ki sallama."

Ta kumbura wuya, ta yi gyaran murya irin tasa, ta kama gefen zaninta ta yafa a kafaɗa kamar mai tattara babbar riga, ta taka ɗaya-ɗaya har bakin ƙofa tana hura hanci. Cindo ya sunkuyar da kai cikin gashin rago don kada a ga haƙoransa. Sai ta juyo, ta maƙale murya a hanci kamar Malam Filibus: "'Yan'uwa ƙaunatattu, kada ku kalli ƙofa, ku kalle ni, wataƙila ciki ne ya murɗa wa Sarki."

Sarki ya ce, "Ba ciki ba ne. Zauna in gaya miki. An ce mana Allah ɗaya ne, muka yarda, da hannuna na fasa tukunyar tsafin gidanmu. Jiya kuma Filibus ya tsaya yana cewa Allah da kansa ya sauko, mace ta haife shi, aka yi masa wanka, ya yi kuka, ya sha nono. To in ya sauko, wa ya bari a sama? In akwai na sama akwai na ƙasa, ai sun zama biyu ke nan. Ban da haka, ina girman? Ni nan da nake ɗan dagaci, in mata sun yi faɗa a bakin rijiya ba na zuwa, Cindo nake turawa. Balle Mai sama da ƙasa? Almasihu babban ɗan aike ne, ina girmama shi, amma magana ta tsaya nan."

Tabawa ta dubi ragon ta ce, "Wannan fa, ina za shi?"

"Hayin kogi. Na wancan ne."

"Rago ya ce a kawo masa?"

Sarki ya kau da kai.

Tabawa ta ce, "Bawana, ina ji maka tsoron abin da ya sami Madugu Mijinyawa."

Sarki ya ce, "Me ya sami Madugu Mijinyawa?"

Ta miƙe ƙafafu, ta gyara ɗankwali, ta ce:

A zamanin fatauci an yi wani madugu, Mijinyawa, wanda yake jan ayarin goro daga Gwanja. In ya sauka a zango, sarakuna ke aiko masa da gaisuwa. Yana da uwa tsohuwa, Gwamma, makauniya, a wani ɗan ƙauye da ke gefen hanyar ayari, ana ganin kukokinsa daga mararraba. Duk lokacin da ayari ya zo mararrabar nan, Madugu yakan tsaya ya ware kaya, goro da gishiri da zannuwa, ya ba wani ya kai mata. Ita kuwa duk wanda ya zo sai ta ce ya durƙusa, ta bi fuskarsa da yatsu har bayan kunnen hagu. A nan ɗanta yake da tabo, tun yana rarrafe ya faɗa kan dutsen murhu. In ta ji wurin sumul sai ta ce, "Ka ce masa na gode. Ka ce wa Tsito ya zo in taɓa shi."

In an kawo wa Madugu wannan magana sai ya ce, "In na bar ayari wa zai riƙe shi?" Amma gaskiyar ita ce, ƙofar bukkarta gajera ce, sai da rarrafe ake shiga, kuma a gaban yaransa za ta kira shi Tsito, sunan da take ce masa tun yana tsirara.

Wata shekara wani ɗan kama mai suna Tunau ya biyo ayarin, irin masu yawon kasuwa suna kwaikwayon mutane ana ba su na abinci. Wata rana a zango ya ɓuya bayan kaya ya daka tsawa da muryar Madugu, "A ɗaure, a tashi!" Fatake suka zabura, har jakuna suka miƙe. Madugu ya yi dariya har da hawaye, daga nan sai wata dabara ta zo masa. Da suka iso mararraba ya kira Tunau, ya sa masa rigarsa, ya shafa masa turarensa, ya ce, "Tsohuwar ba ta gani. Je ka gaishe ta da muryata, ranta ya yi sanyi."

Tunau ya tafi. Ya tsaya a ƙofar bukka ya yi ɗan tarin nan na Madugu, ya ce, "Iya, ga ni na zo."

Tsohuwa ta saki sandarta. Ta yi guɗa da muryar da ta shekara ba ta ɗaga ba, tana kiran maƙwabta, "Ku fito, Tsito ya zo! Na ce muku zai zo!" Ta shaƙi turaren, ta kama rigar tana sumbata. Sa'an nan ta ce, "Durƙusa, ɗana." Yatsunta suka bi goshi, suka bi hanci, suka zagaya bayan kunne. Suka tsaya. Suka koma suka sake shafawa.

Can ta ce wa maƙwabta su koma, kuskure ta yi. Da suka watse ta ce, "Muryar tasa ce, har tarin. Naman ne ba nasa ba. Zauna, ɗan nan, kai aiko ka aka yi. Tun da ka iya ɗaukar murya, ɗauki tawa ka kai masa. Ka ba shi labarin Kwaɗo da Ƙadangare."

Tunau ya ce, "Iya, wane labari ne na Kwaɗo da Ƙadangare?"

Gwamma ta ce:

An yi wani fari mai tsanani, har tafki ya ƙafe, ƙasarsa ta dare. Kwaɗo da Ƙadangare suka fake a cikin tsaga guda. Shi Ƙadangare malami ne, domin ya hau katangu masu tsawo, ya ga hadari kusa-kusa. Kullum yana yi wa Kwaɗo karatu: "Ruwa ɗaya ne, ya kai jahili. A sama yake, fari tas, babu abin da ya taɓa shi." Kwaɗo ya ce, "Haka ne, Malam," da ɗan abin da ya rage masa na murya.

Wata rana Tsawa ta zo ta yi ruri a kansu ta ce, "Ruwa yana gaishe ku, ya ce bai manta da ku ba." Ƙadangare ya ce, "Ka ji manya! Ko gaisuwarsu girgiza ƙasa take yi." Bayanta Iska ta zo da ƙamshinsa, Walƙiya ta zo da haskensa. Duk gaskiya suka faɗa, ba wanda ya yi ƙarya. Kwaɗo yana amsawa yana godiya, fatarsa kuwa tana ƙara tsagewa.

Ran nan hadari ya haɗu a kan duwatsu can nesa, ya zuba. Ruwan ya gangaro ta ƙasa, ya bi ta turken awaki, ya bi ta juji, ya kwaso toka da kashin kaji, ya iso tafkin ja wur, ya silalo cikin tsagar. Kwaɗo ya ce, "Malam, ya zo! Ya zo da kansa!"

Ƙadangare ya ɗaga ƙafa don kada ta jiƙe ya ce, "Wannan ƙazantar? Ɗaga kanka ka duba, ga ruwa can a kan duwatsu bai gusa ba. In wancan ruwa ne wannan ma ruwa ne, sun zama biyu, ni kuwa ɗaya na sani."

Sai ruwan ya yi magana a hankali daga cikin lakar, ya ce, "Ni ne. Na can ni ne, na nan ma ni ne. Zuwana bai raba ni da sama ba, laka kuma ba ta mai da ni wani abu dabam ba. Na shigo cikinta ne don a cikinta kuke."

Kwaɗo ya nutsa ya sha, ya rayu. Ƙadangare kuwa ya ce shi ba zai wulakanta ruwa ba, ya haye kan wani busasshen itace ya buɗe baki sama, yana jiran mai tsabta. Hadari ya wuce ta wani gefe. Rana ta fito ta gasa shi. Sai da idonsa ya fara juyawa sa'an nan maganar ta shige shi, ya sauko da gudu, ya tarar ƙasa ta shanye. Ya tsaya a bakin tsagar yana gyaɗa kai, "Shi ne, ashe shi ne." Har yau in ka gan shi a kan katanga cikin rana, abin da yake maimaitawa ke nan.

Gwamma ta ce, "To, ka ce wa Tsito ni ce Kwaɗo, na ƙoshi da gaisuwar tsawa. Ka ce masa ruwa ya fi shi girma, bai kuwa ji kunyar laka ba."

Tunau ya cire rigar Madugu ya naɗe ta a hammata, ya bi sawun ayari, bai cim musu ba sai da suka yi zango mai nisa. Ya tarar da Madugu a tsakiyar fatake ana yi masa fifita. Bai yi sallama ba, ya durƙusa ya buɗe baki, sai muryar tsohuwar ta fito, da rawarta da shaƙewarta, ya ba da labarin tun daga fari har gyaɗa kan Ƙadangare. Da ya kai wurin "Ka ce wa Tsito," babu wanda ya yi dariya. Madugu ya miƙe, ko takalmi bai nema ba, ya hau doki ya juya.

Ya isa ƙauyen ya tarar ana dawowa daga maƙabarta. Ya durƙusa ya shiga bukkar da rarrafe, a gaban kowa, abin da ya ƙi yi tana da rai. Ga zannuwan da ya yi ta aikowa jibge a lungu, ko warware su ba a yi ba. Ya zauna a kan tabarmarta, ya kai hannunsa bayan kunnensa yana shafa tabon da kansa.

Daga ranar ya riƙe Tunau a gidansa, yana ci da shi yana sha da shi. Kullum sai ya ce, "Yi mini muryarta." Tunau ya yi, Madugu ya yi kuka. Har wata rana ya rufe ido ya miƙa kansa ya ce, "Iya, taɓa ni." Tunau ya ce da muryarsa ta kansa, "Madugu, murya nake da ita. Hannun yana cikin ƙasa."

Tabawa ta kakkaɓe zaninta, ta ce, "Abin da ya sami Mijinyawa ke nan, bawana. Uwarsa ba ta rasa zane ba."

Sarki ya ji labarin ya taɓa shi a inda ba ya so, amma mutum ne da ba ya sakin gardama da sauƙi. Ya murza gemu ya ce, "Na ji. Amma kin kama kanki da kanki. Ko a wa'azin Filibus ai aike aka yi. Ba cewa yake Uba ya aiko Ɗa ba? To ni ma aike nake yi."

Tabawa ta ce, "Cindo, zo nan. Kai ne Barau?"

Cindo ya ce, "Wane ni, Inna! Ki rufa mini asiri."

"In ka je hayin kogi, Barau ya je?"

Cindo ya dubi Sarki, ya dubi rago, ya rasa wanda zai cece shi.

Tabawa ta ce, "Ka gani? Da Almasihu wani ne dabam, Allah kuma dabam, da maganarka ta yi. Da sai mu ce Allah ya yi irin naka, ya turo Cindonsa, shi ya zauna a zaure da tsabtar rigarsa. Annabawa sun zo da gaisuwa, gaskiya kuma suka faɗa, kamar Tsawa. Amma abin da muka ba da gaskiya gare shi ya wuce nan. Ɗan nan ba haihuwar miji da mata ba ce, Kalmar Allah ce da take tare da shi tun babu komai, ba a taɓa yin lokacin da babu ita ba. Kuma da yake Allah ɗaya ne, ba a raba shi, wanda ya zo ɗin shi ne, ba wani ba. Ɗayantakar da ka fice daga majami'a don ka kare ta, ita ce ta sa zuwan ya zama nasa. Sama ba ta zama kango ba don ya kwanta a komin dabbobi. Ya ɗauki nama irin namu, bai kuwa daina zama abin da yake ba."

Sarki ya ce, "Uba da Ɗa, kuma ɗaya."

"Da Ruhu Mai Tsarki. Uba ba shi ne Ɗa ba, Ɗa ba shi ne Ruhu ba, Allah kuwa ɗaya. Kada ka kama ni da misalin ruwa, ruwa ana ɗibarsa a ƙwarya a raba, Allah ba a ɗibarsa. Nan kaina ya tsaya, sauran na bar wa Filibus ya yi ta gumi a kai. Ni dai abin da na riƙe, da kuturu ya zo gaban Almasihu, bai tsaya daga nesa ya yi masa albarka ba. Hannu ya miƙa ya taɓa shi. Kafin a miƙa hannu kuwa sai an yi hannun."



Tabawa ta sassauta murya ta ce, "Zoben babanka da ka aika bara, a wane yatsa kake tsammani ya sa shi?"

Sarki ya ɗago. "Me kike nufi?"

"Cindo, gaya masa."

Cindo ya zube a ƙasa. "Ranka ya daɗe, na ga kamar in na faɗa... wato dai... ba shi da yatsu, ranka ya daɗe. Na hannu da na ƙafa. An daɗe."

Tabawa ta ce, "Ina wurin aka kawo. Ya sa dungulmin hannunsa yana juya zoben a kan tabarma, ga takalma a gefe." Sai ta lanƙwasa murya, ta fito da wata irin murya ta namiji, mai taushi, mai ɗan shaƙewa: "Gwaggo, Baba bai sani ba, ko? Kada ki gaya masa, zai ji kunya. Nemo mini zare ki rataya mini a wuya."

Abin da ya fi ci wa Sarki rai shi ne, ya kasa sanin ko kwaikwayon ya yi daidai ko bai yi ba. Ya san muryar Filibus, ya san ta Cindo, ya san ta kowace mace mai faɗa a bakin rijiya, amma ta ɗansa ta ɓace masa.

Ya ce, "Sake yi."

Tabawa ta ce, "A'a. Ni ba Tunau ba ce, kai ma ba ka zama Mijinyawa ba tukuna. Kogi bai kai gwiwa ba."

Sarki Barau ya miƙe. Bai ce a ɗaura wa doki sirdi ba, bai ce a kira masu rakiya ba. Ya fita ta tsakiyar gari, mutane na zubewa suna gaisuwa bai gan su ba. Tabawa ta bar daddawarta a zaure ta bi shi, Cindo kuma, da yake ba a ce masa ya saki ragon ba, ya biyo su yana jansa. A bakin kogi Sarki ya tattare riga ya shiga, laka ta kama masa takalmi ɗaya, ya bar mata shi.

Da la'asar suka isa. Aka nuna masa wani ɗan ɗaki mai gajeriyar ƙofa, ya sunkuya har rawaninsa ya goge saman ƙofar ya karkace. A kan gado ga wani mutum ramamme, da furfura a gemunsa, ido ya yi fari ba ya gani, numfashi na fita da ƙyar. Ga zoben azurfa a zare a wuyansa. Ga takalma a ƙarƙashin gado, ƙasansu ko ƙura bai taɓa ba.

Mara lafiyan ya ji motsi ya ce, "Wakili ne? A ce masa na gode. A ce masa jiki da sauƙi."

Sarki ya buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Harshensa bai san hanyarsa ba. Ya sake gwadawa, ya fito a karye kamar na mai koyon magana.

"Dogara."

Mutumin ya karkato da kai wajen muryar. Ya ce, "Gwaggo, bar wasan nan, ba ni da ƙarfi."

Tabawa daga bakin ƙofa ta ce, "Ga ni nan waje, ɗana. Ban ce komai ba."

Sarki ya durƙusa ya kama dungulman hannuwan nan biyu ya riƙe gam. Dogara ya ce, "Ka riƙe ni ne, Baba? Ba na ji a nan, wurin ya mutu. Nan ne da saura." Ya karkato da kumatunsa. Sarki ya ɗora tafin hannunsa a kai, ya ji zafin zazzaɓi kamar na tukunya. Dogara ya lumshe ido ya ce, "Ashe hannunka da kaushi."

Sarki bai koma gida ba. Shi yake ba shi kunu a baki, shi yake juya shi, yana kiran sunan ko da babu dalili, kamar mai son ya cike gurbin duk wanda bai kira ba. Aka yanka ragon ranar Kirsimeti, kutaren asibitin suka ci, Dogara ya sha romo cokali kaɗan. Bayan 'yan kwanaki ya cika, kansa a cinyar ubansa. Sarki ya ce ba wanda zai yi masa wanka sai shi.

Da suka juyo gida suka iso bakin kogi, Sarki ya tsaya. Zoben yana wuyansa a zaren nan, bai mai da shi yatsa ba. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke bi ta kan laka, sa'an nan ya ce, "'Yar kawu, na karɓi maganarki. Allah ɗaya ne, shi ne kuma ya zo, ba wani ya turo ba. Ranar Lahadi zan gaya wa Filibus a gaban jama'a, tun da a gabansu na fice." Ya ƙara da cewa, "Shi ya zo tun ana iya jin hannunsa. Ni sai da yatsun suka ƙare."

Tabawa ta ji yadda muryarsa ta karye a ƙarshen maganar, irin karyewar da ko a barci za ta iya ɗauka. Ba ta ɗauka ba. Ta miƙa masa hannu ta ce, "Riƙe ni, Barau, wurin nan da santsi."